Addu'ar Masu Bi: Yadda Ta Ɓace Daga Mas Ɗin Roma da Yadda Aka Dawo da Ita

Duk wanda ya halarci Mas, wato babbar ibadar Katolika, na ranar Lahadi kafin shekarar 1965, a Roma ne ko a Paris ko a kowane gari da ake bin tsarin ibadar Roma, ya ga wani abu da ya isa ya ɗaure masa kai, muddin yana jin Latin. Bayan an karanta Bishara, an yi wa'azi, an furta shaidar bangaskiya, sai firist ya sumbaci bagade, ya juyo ya fuskanci jama'a ya gaishe su da sunan Ubangiji, su amsa, sa'an nan ya ce "Oremus", wato mu yi addu'a. Shi ke nan. Babu wata addu'a da ke biyo baya. Sai ya juya ya karanta 'yar gajeriyar aya, yawanci daga Zabura, ya kama shirya gurasa da ruwan inabi. Haka abin yake a littafin Mas da Fafaroma Pius na Biyar ya fitar a 1570, kuma haka yake a bugun 1962, ba a taɓa shi ba.

Yawancin masana tarihin ibada suna ganin wannan kira burbushin wani abu ne da ya daɗe da tafiya, kamar tsohon gidan da aka toshe wata ƙofarsa da tubali amma aka bar dokin ƙofar a jikin bango. Abin da ke bayan ƙofar shi ne addu'ar da jama'a ke yi tare domin wasu: domin Ikilisiya, da masu mulki, da marasa lafiya, da matafiya, da waɗanda ke kurkuku, har da waɗanda ba su ba da gaskiya ba. Ana kiranta addu'ar masu bi, ko addu'ar kowa da kowa. Ta yi kusan shekara dubu ɗaya da ɗari huɗu ba ta cikin Mas ɗin Roma na yau da kullum. Yadda ta fita, inda buƙatarta ta koma, da irin sharaɗin da aka dawo da ita a kai, su ne lamarin da ke gabanmu.

Abin da ke wurin tun farko

Tushen abin yana cikin wasiƙar farko zuwa ga Timoti, farkon babi na biyu, inda aka gargaɗi masu bi su riƙa yin roƙo da addu'a da godiya domin dukan mutane, da sarakuna, da duk masu riƙe da iko, don a zauna lafiya. Sai mu tuna cewa sarakunan da ake magana a kai ba Kirista ba ne, wasunsu ma su ne ke tsananta wa Ikilisiya. Wasiƙar Clement na Roma zuwa ga Korintiyawa, wadda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na farko, ta ƙare da doguwar addu'a a kan wannan layi, har da roƙon lafiya da zaman lafiya ga masu mulki.

Shaida mafi bayani ta fito daga Justin Shahidi, wanda ya rubuta wa Sarki Antoninus Pius wajen shekarar 155 yana kare Kiristoci daga zargin da ake musu. Ya bayyana taron Lahadi filla-filla: ana karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa, shugaban taro ya yi gargaɗi, sa'an nan kowa ya miƙe tsaye a yi addu'a tare, daga bisani a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa. A wani wurin ya ce abu na farko da sabon mai baftisma yake yi bayan an shigo da shi cikin 'yan'uwa shi ne shiga wannan addu'a, wadda ake yi domin kansu, da shi sabon shigar, da sauran mutane ko'ina suke.

Wannan batu na baftisma shi ne zuciyar lamarin, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. A ƙarnonin farko ana sallamar masu shirin baftisma bayan wa'azi, a rufe ƙofa, sa'an nan a fara. Addu'ar aiki ce ta waɗanda aka riga aka yi wa baftisma, domin ana ɗaukar tsayawa gaban Allah a madadin wani a matsayin aikin firist, kuma wasiƙar farko ta Bitrus ta kira dukan masu bi jama'ar firistoci. Hana mutum shiga cikinta hukunci ne mai nauyi. A zamanin Fafaroma Felix na Uku, wanda ya yi mulki daga 483 zuwa 492, an yanke wa malaman Ikilisiya da suka yarda aka sake musu baftisma a ƙarƙashin mulkin ƙabilar Vandal a Arewacin Afirka hukuncin tuba, kuma cikin hukuncin har da hana su tsayawa a addu'ar masu bi. Ke nan har ƙarshen ƙarni na biyar Roma ta san ta, tana kuma ganin darajarta.

Fitarta

Babu wata majalisa da ta zauna ta soke ta, babu kuma wata takarda da ta ce a daina. A hankali ta zame. Akwai wani jerin roƙe-roƙe da ake dangantawa da Fafaroma Gelasius na Ɗaya, magajin Felix, wanda ya yi mulki daga 492 zuwa 496, inda ake ambaton buƙata a taƙaice jama'a su amsa da neman jinƙai, irin yadda ake yi a Gabas. Bernard Capelle, wani masani ɗan ɗariƙar Benedict daga Beljiyam, ya kawo ra'ayin cewa wannan jeri ne ya maye gurbin tsohuwar addu'ar, aka matsar da shi farkon Mas, daga baya aka zubar da roƙe-roƙen aka bar amshin kaɗai, wato "Ya Ubangiji, ka yi mana jinƙai" da ake rerawa har yau. Wasu masanan da suka zo bayansa, irin su Paul De Clerck a bincikensa na 1977, sun ƙalubalanci sassan wannan bayani. Abin da ba a musu a kai shi ne wasiƙar Fafaroma Gregory Babba ta shekarar 598 zuwa ga bishop na Sirakus, inda ya ce a Mas ɗin ranakun mako ana barin sauran kalmomin da aka saba faɗi, a tsaya ga neman jinƙan kawai. Littattafan da suka bayyana Mas ɗin Fafaroma a ƙarni na bakwai da na takwas ba su ambaci addu'ar masu bi bayan Bishara ba.

Dalilai sun taru sun yi mata yawa. Da al'umma gaba ɗaya ta zama Kirista, aka koma yi wa jarirai baftisma, sai sallamar masu shirin baftisma ta rasa ma'ana, iyakar da ke nuna cewa yanzu lokacin masu bi ne ta shafe. Babbar addu'ar tsarkake gurasa da ruwan inabi kuma ta riga ta ƙunshi roƙo domin Fafaroma da bishop da rayayyu da matattu, don haka wani zai iya cewa maimaici ne. Sai dai wannan roƙo firist ne ke yinsa, kuma daga baya ma a asirce yake faɗinsa, ba mai ji. Ga kuma harshe. Latin ya daina zama abin da talaka ke magana da shi, alhali addu'ar da ake cewa mutane su sa zuciyarsu a kan wata buƙata ba ta da amfani in ba su fahimci buƙatar da aka ambata ba. A ganina wannan na ƙarshe ya fi sauran nauyi wajen hana ta dawowa, ko da ba shi ne ya fara korar ta ba. Ikilisiyoyin Gabas, waɗanda dikon, wato mai taimaka wa firist a ibada, ke jagorantar irin waɗannan roƙe-roƙe a bainar jama'a, ba su taɓa rasa nasu ba.

Inda buƙatar ta koma

Cire addu'a daga littafi bai hana mutane rashin lafiya ba, bai hana yaƙi da annoba ba. Buƙatar ta nemi wasu hanyoyi. A Turai ta tsakiyar zamani, firist kan tsaya bayan wa'azin Lahadi ya ambaci abubuwan da za a roƙa da harshen gari. Regino, tsohon shugaban gidan sufaye na Prüm a Jamus, ya rubuta a farkon ƙarni na goma cewa a sa jama'a su yi addu'a domin sarki da shugabannin Ikilisiya da zaman lafiya da marasa lafiya da waɗanda suka rasu, kowa ya karanta "Ubanmu wanda ke cikin sama" a zuciyarsa bayan kowace buƙata. Faransa ta daɗe da irin wannan al'ada, Ingila ma haka, har yau Katolikan Ingila da tsohon sunan da suka gada daga wancan zamani suke kiran addu'ar. Amma duk wannan a gefe yake, haɗe da sanarwar aure da ta ranakun azumi, kuma littafin Mas bai san da shi ba.

Misalin da ya fi nuna giɓin ya zo a makare. A 1884 Fafaroma Leo na 13 ya umarci a riƙa karanta wasu addu'o'i bayan an gama ƙaramin Mas, wato wanda firist ke karantawa ba tare da rerawa ba, firist na durƙushe a gindin bagade, saboda halin da Ikilisiya ta shiga bayan ƙwace ƙasashen Fafaroma a Italiya. Bayan an sasanta wannan rikici a 1929, Fafaroma Pius na 11 ya mayar da niyyar addu'o'in ga Rasha a 1930. Duba abin da ya faru a nan: Fafaroma da kansa yana da buƙata ta gaggawa da yake so Katolikan duniya su roƙa tare, amma bai sami wurin sa ta cikin Mas ba, sai da ya jira aka sallami jama'a sa'an nan ya liƙa ta a baya.

Rana ɗaya da ta riƙe tsohon tsari

Sau ɗaya a shekara, ranar Juma'a Mai Tsarki da ake tunawa da gicciye Yesu, tsohuwar addu'ar ta ci gaba da fitowa a cikakkiyar siffarta. Ranaku masu girma sukan ƙi sauyi, shi ya sa suke adana abin da sauran ranaku suka zubar. Tsarin kowane roƙo kashi uku ne. Firist ya gayyaci jama'a ya faɗi wanda za a yi wa addu'a da abin da ake nema masa. Dikon ya ce a durƙusa, kowa ya yi nasa roƙon shiru. Sa'an nan a ce a tashi, firist ya tattara duka cikin gajeriyar addu'a, jama'a su ce amin. A tsohon littafi roƙo tara ne: Ikilisiya, Fafaroma, dukan matakan masu bi, sarkin Roma, masu shirin baftisma, masu fama da kowace irin wahala, waɗanda suka ɓalle daga Ikilisiya, Yahudawa, da masu bautar gumaka.

Waɗannan roƙe-roƙe sun taka rawa har a muhawarar tauhidi. A ƙarni na biyar Prosper na Akitaniya, mabiyin Augustine, ya kafa hujja da irinsu a kan masu cewa mutum ne ke ɗaukar matakin farko zuwa ga bangaskiya da ƙarfin kansa. Ya ce tun da Ikilisiya a ko'ina tana roƙon Allah ya ba marasa bi bangaskiya, to ta yarda ke nan cewa farkon bangaskiyar ma kyautar Allah ce. Daga nan aka sami ƙa'idar nan da malaman Katolika ke yawan ambato, cewa yadda ake addu'a shi ke nuna abin da aka gaskata.

Amma wannan rana ta kuma nuna illar rubutun da ya daskare. Durƙuson da aka tanada domin addu'ar zuci ya zama al'ada kawai: da an ce a durƙusa, kafin gwiwa ta huta a ƙasa an ce a tashi. Wato sashen da yake na jama'a ne ya fara mutuwa, na firist ya rage. Roƙon da ake yi wa sarkin Roma ya ci gaba da zama a shafin littafi bayan Daular Roma Mai Tsarki, wadda ta gaji sunan a Turai, ta ruguje a 1806, har sai da gyaran Makon Mai Tsarki na Fafaroma Pius na 12 a 1955 ya maye gurbinsa da roƙo domin masu riƙe da mulki, ya kuma dawo da ɗan lokacin shiru a durƙushe. Roƙon da ya shafi Yahudawa shi ne mafi ciwo. Ƙarnoni da dama ba a durƙusawa a kansa kamar sauran, kuma yana ɗauke da wata kalma da jama'a suka fahimta a matsayin zagi. An dawo da durƙuson a 1955, Fafaroma John na 23 ya cire kalmar a 1959, littafin 1970 kuma ya sake rubuta roƙon gaba ɗaya. In har addu'a ce ke nuna abin da aka gaskata, to kalmar da aka bari tana yawo a bakin jama'a shekara da shekaru tana koyar da su wani abu, ko ana so ko ba a so.

Shawarar 1963

Hanyar dawowar masana ne suka share ta. Josef Jungmann, ɗan ɗariƙar Jesuit daga Ostiriya, ya fitar da babban bincikensa kan tarihin Mas ɗin Roma a 1948, ya bi kowane sashe ya nuna asalinsa da abin da ya ɓace, daga baya kuma ya zama cikin ƙwararrun da suka ba Majalisar Vatikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolikan duniya, shawara. Majalisar ta buɗe a 11 ga Oktoba 1962, kuma batun ibada ne ta fara tattaunawa. A 4 ga Disamba 1963, shekara 400 cif bayan rufe Majalisar Trent, wani babban taro irin wannan, aka zartar da dokar ibada mai suna Sacrosanctum Concilium da ƙuri'a 2,147, huɗu kacal suka ƙi. Sakin layi na 53 ya ce a dawo da addu'ar masu bi bayan Bishara da wa'azi, musamman ranakun Lahadi da manyan bukukuwa, jama'a su shiga ciki, a yi roƙo domin Ikilisiya, da hukumomi, da masu fama da buƙatu iri-iri, da dukan mutane, da ceton duniya baki ɗaya. Sakin layi na 54 kuma ya ambace ta, tare da karatun Littafi Mai Tsarki, a sahun farko na abubuwan da za a iya yi da harshen jama'a. Bishop-bishop ɗin sun gane cewa dawo da ita da Latin aikin banza ne.

Ba a jira sabon littafi ba. Kwamitin da Fafaroma Paul na Shida ya kafa a 1964 ƙarƙashin Kadinal Giacomo Lercaro, da Annibale Bugnini a matsayin sakatare, ya shirya umarnin Inter Oecumenici na 26 ga Satumba 1964, wanda ya fara aiki a 7 ga Maris 1965. Umarnin ya sa addu'ar daidai wurin da aka daɗe ana kiran jama'a ba tare da an yi ba. Shi ne kuma ya soke addu'o'in Leo na bayan Mas. Cikakken sabon tsarin ya fara aiki a 30 ga Nuwamba 1969.

Abin da ya bambanta wannan shawara da sauran gyare-gyaren shi ne Roma ba ta rubuta kalmomin ba. Kusan duk abin da ake faɗi a Mas yana da rubutu tsayayye wanda firist ba shi da ikon sauyawa, fassararsa ma sai an amince da ita. A nan kuwa sai aka ba da tsari da 'yan misalai a ƙarshen littafi, aka bar abin da za a faɗa a hannun kowace majami'a, kowane mako. Babbar ƙa'idar littafin Mas, a lamba 69 zuwa 71 ta bugun 2002, ta shimfiɗa iyakokin. Roƙon ya bi jeri huɗu: buƙatun Ikilisiya, hukumomi da ceton duniya, masu fama da wahala, sa'an nan jama'ar wurin. A bikin aure ko jana'iza ana iya karkatar da jerin ga abin da ya tara mutane. Firist ya buɗe daga kujerarsa ya kuma rufe, dikon ko mai karatu ko mawaƙi ko wani daga cikin jama'a ya karanta buƙatun daga mumbari, jama'a na tsaye su amsa da baki ɗaya ko su yi addu'a shiru. Aka kuma ce buƙatun su zama masu natsuwa, da 'yanci na hikima, cikin kalmomi kaɗan, su kuma zama addu'ar jama'a gaba ɗaya. Dalilin da ƙa'idar ta bayar shi ne na ƙarnonin farko: mutane suna aikata firistancin da baftisma ta ba su.

Abin da shekara sittin suka nuna

Ta fuskar yaɗuwa, da wuya a sami gyaran da ya karɓu kamar wannan. Ya shiga ko'ina ba tare da rigimar da ta biyo bayan wasu sauye-sauyen ba. A manyan bukukuwan Fafaroma a dandalin Saint Peter ana karanta buƙatun da harsuna daban-daban, ɗaya bayan ɗaya. Addu'ar safe da ta yamma ta Ikilisiya ma an sa musu irin waɗannan roƙe-roƙe a sabon tsarin 1971.

Ta fuskar inganci kuwa, akwai magana. 'Yancin da aka bayar ya buɗe ƙofofi biyu na lalacewa, kuma suna fuskantar juna. Ta farko ita ce lalaci. Kamfanonin buga littattafan ibada sun fara sayar da buƙatun shekara guda a shirye, an rubuta su watanni kafin ranar, a wani gari mai nisa. Mai karatu ya buɗe shafin ranar ya karanta. Ambaliya ta ci rabin gari ranar Alhamis, ranar Lahadi kuma a ji ana roƙon Allah ya sa shugabannin duniya su yi aiki domin adalci, ba a ambaci ruwan ba. Babu kuskure a kalmomin, amma an koma gidan jiya: rubutu tsayayye wanda bai san abin da ke damun masu tsayuwa ba, sai dai wannan karon ba shi da ko tsufan da ke ba na Juma'a Mai Tsarki kwarjini.

Ta biyu ita ce mai rubutu ya mayar da mumbari nasa. Alamar wannan a bayyane take ga mai kunne. Roƙon yakan fara da "domin mu", ya ci gaba da "mu gane cewa", ya ƙare da ra'ayin marubucin kan siyasa, ko kan masu zuwa coci a makare, ko kan waɗanda ba su biya kuɗin gini ba. Da sunan Allah ake magana, amma na kujerar baya ake nufi. Wa'azi na biyu ne aka saka wa rigar addu'a, kuma ya fi na farko haɗari domin an tilasta wa jama'a su amsa da "Ya Ubangiji, ka ji addu'armu" a kan abin da wataƙila rabinsu ba su yarda da shi ba. Mutum na iya sauraron wa'azin da bai gamsu da shi ba ya yi shiru. A nan kuwa bakinsa aka ara. Shi ya sa nake ganin sharaɗin nan na cewa buƙata ta zama ta jama'a gaba ɗaya ya fi sauran muhimmanci: a lokacin zaɓe ana iya roƙon zaman lafiya da shugabanni masu tsoron Allah, kowa ya ce amin da zuciya ɗaya, amma da an ƙara jimlar da ke nuna wanda ake so ya ci, addu'ar ta tsage gida biyu.

Akwai ƙananan matsaloli da suka fi waɗannan yawa. Wasu majami'u sukan cika jerin da nasu buƙatun, na kwamiti da na ƙungiya da na masu bikin zagayowar haihuwa, har a rasa wurin baƙo, alhali jerin da ƙa'ida ta bayar ya sa jama'ar wurin a ƙarshe da gangan, bayan an fita an zaga duniya. Wasu kuma sukan mayar da ita godiya, wadda ke da nata wurin a babbar addu'ar da ke tafe. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun. Cutar da ta kama Juma'a Mai Tsarki a da ita ce ta kama Lahadi yanzu: mai karatu ya faɗi buƙata, kafin ya rufe baki an amsa, ya wuce ta gaba. Abin da yake karantawa gayyata ce kawai, ainihin roƙon a zuciyar masu tsayuwa ya kamata ya faru, kuma hakan na buƙatar 'yan daƙiƙoƙi. In ba a ba da su ba, jama'a amshi kawai suke yi. Ambaton suna ma yana da nasa tasirin. "Domin marasa lafiya" na wucewa ta saman kai, amma da an faɗi sunan wanda kowa ya san kujerar da yake zama, sai ka ga majami'a ta nutsu. Sai dai a nemi izinin mai sunan ko iyalinsa tukuna, domin ba kowa ke so a shelanta ciwonsa ba.

Gwajin 2020

Annobar korona ta gwada tsarin ta inda ba a zata ba. Roƙe-roƙen Juma'a Mai Tsarki, waɗanda suka zama goma tun littafin 1970, suna nan a matsayin rubutu tsayayye, amma an bar wata 'yar kafa: idan babbar masifa ta sami jama'a, bishop na dayosis zai iya ba da izini ko umarnin a ƙara roƙo na musamman. A 30 ga Maris 2020 ofishin Vatikan mai kula da ibada, ƙarƙashin Kadinal Robert Sarah ɗan ƙasar Gini, ya fitar da irin wannan ƙari domin duniya baki ɗaya. Roƙon ya nemi lafiya ga masu ciwo, ƙarfi ga masu jinyarsu, ta'aziyya ga iyalai, da ceto ga waɗanda suka mutu. Gajere ne, ya ambaci masifar da sunanta, bai koya wa kowa darasi ba, kuma babu Katolikan da zai ƙi cewa amin a kansa. Duk sharuɗɗan da ƙa'ida ta gindaya wa mai rubuta buƙatun Lahadi, ya cika su.

Sai dai ranar 10 ga Afrilu da aka karanta shi, majami'u a ƙasashe da dama a rufe suke. Firistoci sun yi gayyatar a gaban kujeru da kyamara, masu bi kuma suna gida suna kallo ta talabijin ko waya. Wannan ya ta da tambayar da Majalisar Vatikan ba ta hango ba: in addu'ar aikin jama'ar da suka taru ce, me ya rage mata idan taron ya watse zuwa ɗakuna dubu? Amsar da Ikilisiya ta bi a aikace ita ce ta ci gaba da yi, bisa koyarwar cewa kowace ibada aikin jiki ɗaya ne ko da mutum biyu ne a ɗakin, ta kuma sanar da lokacin ibadar domin na gida su yi tasu a daidai sa'ar. A watan Agusta na shekarar ne ofishin na Kadinal Sarah ya rubuta wa shugabannin majalisun bishop-bishop cewa kallo ta allo ba ya maye gurbin halarta, kuma a koma majami'u da zarar hali ya yi.